Layin Maman Japhet

Keziah ba ta taɓa ƙin ɗaga waya ba. Ko tana tsakiyar tuƙin tuwo, ko tana bakin rijiya da guga a hannu, in wayar ta yi ƙara cikin ƙullin zanenta sai ta saki abin da take yi. 'Yan damfara sun sha kiranta su ce ta ci kyautar mota, ta saurare su har su gama, sannan ta ce Allah ya shirye su. Ba ta iya kashe baƙuwar lamba, domin ɗanta Japhet ba ya kiranta da lamba ɗaya.

Japhet soja ne kamar kakansa da ƙannen ubansa, a Zuru kuwa wannan ba abin labari ba ne. An tura shi gabas, wani daji da ko sunansa bai yarda ya faɗa mata ba. Wayarsa ta faɗa ruwa tun farkon zuwansa, ta tafi da duk lambobin da ke cikinta. Inda suke babu sabis sai an hau kan wani tankin ruwa, shi ma sai ranar da ya ga dama. In ranar ta zo, sai Japhet ya ari wayar duk abokin da ke da caji, ya hau tanki, ya buga lamba ɗayar da ta zauna masa a ka, ta uwarsa. Ita ba ta da hanyar nemansa. Nata jira ne.

Layin nan tsoho ne. Tun mijinta Dawuda yana da rai suka sauko daga Dabai wata ranar kasuwa, suka shiga shagon Anselm, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da wayoyi, wanda ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa sun fi jin Hausa a kan yarensa. Aka ce sai mai layi ya dangwala yatsa a na'ura. Keziah ta dangwala, na'ura ta kawo ja. Ta goge yatsan a zane ta sake, ja. Dawuda ya gwada nasa, ja. Ƙotar fartanya ta riga ta cinye musu zanen yatsu.

"Ku mutanen dutse, yatsunku sumul kamar bayan faranti," in ji Anselm yana dariya. "Kawo nan, Mama."

Ya ɗora nasa babban yatsan, na'ura ta kawo kore, aka gama. Haka yake yi wa kowa. Manoma daga Dabai, daga Ribah, har daga Sakaba, duk wanda na'ura ta ƙi sai ya nufi shagon Anselm. Ba ya karɓar komai a kan wannan. Mutane suna sa masa albarka, in kaka ta yi wasu su aiko masa da kwanon wake.

Shekarar da abin ya faru, 'yan bindiga sun tare hanyar Ribah suka ɗauke Joel, mijin Glory. Glory 'yar ƙanwar Keziah ce, gidajensu katanga ɗaya. Keziah tana zaune kusa da ita duk sanda mutanen dajin suka kira, tana jin muryarsu a kwance babu tsoro, har da tambayar ya yara. An sayar da shanun noma kafin Joel ya dawo, ya dawo kuma da ƙafa ɗaya tana jan ƙasa. Da aka kai lambar wurin 'yan sanda, suka ce layin ba a san mai shi ba.

Saboda haka ranar da aka faɗa a rediyo cewa duk layin da ba a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta mai shi ba za a toshe shi, Keziah ce ta fi kowa ɗaga murya a taron zumuntar mata.

"Daidai ke nan! Akuya ma in ba ta da mai ita, gonar mutane take ci. A toshe su duka, mu ga da me za su kira."

"Amin, Maman Japhet," mata suka amsa.

Comfort, matar Anselm, ita kaɗai ba ta ce amin ba. Da aka tashi ta ja Keziah gindin mangwaron coci.

"Maman Japhet, layinki fa ba naki ba ne."

"Na wa ne? Ni nake sa masa kati."

"A wurin kamfani na maigidana ne. Ki zo shago gobe, ya yi miki bayani."

Anselm ɗin da ta tarar washegari ba mai dariyar nan ba ne. Ya rame, gemunsa ya fito fari fari. Ashe an kama wani infoma, irin masu kai wa mutanen daji labarin wanda ya sayar da shanu da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi, aka duba layin wayarsa, sai ga sunan Anselm da yatsansa. 'Yan sanda suka riƙe shi kwanaki suna tambaya, sai da fasto da dattawan kasuwa suka tsaya masa.

"Ban ma san fuskar mutumin ba, Mama. Wataƙila ubansa na yi wa, uban ya mutu, layi ya bi hannu. Wa ya sani? Na rantse a gaban babban 'yan sanda, daga yau babu layin kowa da zan sake ɗauka a kaina. Ki je ki yi lambar ɗan ƙasa taki, ki dawo mu je ofishin kamfani tare, in ce na bar miki. Wannan zan yi da gudu."

"Ni ka sanni, Oga Anselm. Kai ka ɗauki gawar Dawuda a motarka."

"Na sanki. Amma in na yi naki, gobe mutum nawa za su tsaya nan su ce na san su?"

Ba ta ji haushinsa ba. Ta ga gaskiyarsa, ta kuma ga abin mai sauƙi ne.

Ta tafi wurin yin rajista da sassafe, ta tarar mutane sun riga ta, kowa ya ajiye dutse ko takalmi a layi ya koma inuwa. Sai bayan azahar ta shiga. Ma'aikacin, wani mai sanyin magana da ake kira Malam Yusha'u, ya ɗauki hotonta, ya tambayi shekarunta, ta ce an haife ta shekarar da fari suka cinye dawa, ya yi murmushi ya rubuta abin da ya ga ya dace. Sannan aka zo kan yatsu. Na'ura ta ƙi na dama, ta ƙi na hagu. Ya ba ta man shafawa ta murza, ya danna mata da hannunsa. Ta ƙi.

"Mama, me kike yi da hannun nan?"

"Me ake yi da hannu, ɗana? Ci da shi nake."

"Ki ba shi hutu. Ki bar aikin gona kamar mako biyu ko uku, ki riƙa shafa man kaɗe safe da yamma. Zanen yana dawowa, na ga ya dawo wa mutane da yawa."

"Ba za ka dangwala min naka ba?"

Malam Yusha'u ya yi dariya har ya kama baki, sannan ya ga ba wasa take ba.

"Ai abin da ya kawo mu nan ke nan, Mama. In na bar ƙofa don ke, wanda ke bayanki ma ta nan zai shiga, ni kuma ban san abin da ke cikin zuciyarsa ba. Akwai hanyar da ake bi wa masu irin hannunki, amma sai an aika sama an jira amsa, kuma jiran ya fi na man kaɗe tsawo."

Ta fito tana kallon tafin hannunta. Lokacin cirar gyaɗa ne. Gonar da Dawuda ya bar mata a gindin dutse ta nuna, ganye ya fara rawaya, in aka bar ta cikin ƙasa ruwan ƙarshen damina ya sauka a kanta sai ta tsiro. Joel da ya saba taya ta, ga shi da ciwon ƙafa. Kuma gyaɗa ba ta san safar hannu ba: a tuge ta, a kakkaɓe, a zauna a tsinke ta ɗaya ɗaya da yatsu.

A kasuwa kowa magana ɗaya yake yi. "Toshewa? Sau nawa suka faɗa? Ranar ta zo su ƙara wata." Gaskiya ne, an sha ɗagawa. Keziah ta ce a ranta, in gyaɗa ta shiga buhu sai ta zauna ta yi ta shafa mai kamar amarya.

Tana cikin gona Japhet ya kira. Ta share hannu a zane ta ɗauka, ta ji iska tana kaɗa muryarsa.

"Tsohuwa! Kina ina, na ji kina haki?"

"Ina gonar ubanka, ina yin aikin da ka gudu ka bari."

"Ni na gudu? Ke kika ce in tafi in daina cinye miki tuwo."

"Kana cin abinci kuwa? Wake ne har yanzu?"

"Wake da safe, wake da rana, da yamma kuma ƙanensa. Ya ƙafar Joel?"

Suka koma yaren gida na C'lela, ya tambayi kowa da sunansa, har karen gidan. Can ta tuna.

"Japhet, an ce za a toshe layuka. Ya kamata ka riƙe lambar Glory."

"To, faɗo ta."

Ba ta san ta a ka ba. Lambar tana cikin wayar da ke kunnenta, ita kuma ba ta iya dubawa ana cikin magana ba tare da ta kashe ba. Glory tana gida.

"Bari, Mama, kada ki ɗora min wani kaya. Taki ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta. Wa zai toshe layin tsohuwa? Sai wani jiƙon, mai wayar yana hararata."

"In ka sake kira zan sa a rubuta min ita a takarda."

"To. Ki gai da..."

Sabis ya ɗauke.

Wannan karon ba a ɗaga ranar ba. Wata safiya ta ga sandunan da ke saman wayar sun ɓace. Ta kashe ta kunna, ta cire batir ta hura, ta hau tudun bayan gida. Glory ta buga lambar daga tata wayar, wata mace ta amsa da Turanci cewa ba a samun wannan layi.

Keziah ta bar ragowar gyaɗar a shanye, ta hau babur zuwa shagon Anselm. Ta tarar da mutane cike a ƙofa, manoma irinta, kowa da waya a hannu, wasu suna roƙo wasu suna zagi. Anselm ya rufe rabin ƙofa. Ta kutsa ta shiga, ta durƙusa a kan siminti, ita da ta girme shi.

"Tashi, Mama, don Allah tashi."

"Nawa kaɗai. Ka sa lambarka yau, in hannuna ya warke mu mayar. Yaron nan ba shi da wata lamba a duniya."

Comfort ta ce wa mijinta wani abu da yarensu, da ƙarfi. Ya mayar mata da ƙarfi. Ya nuna ƙofa da hannu, inda idanu suke leƙowa.

"Ki duba su, Mama. Suna jira su ga abin da zan yi miki. Cikinsu akwai mutanen kirki, akwai kuma wanda ban sani ba. In aka sake kama ni, wa zai riƙe min yara? Mako biyu ne kawai. Ni zan saya miki man. Japhet namiji ne, zai sake kira."

Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa. Ba ta karɓi man ba, tana da nata.

Sai ta zauna. Mace da ba ta taɓa zama ba tun tana budurwa, ga ta a kan tabarma da hannuwa a cinya suna ƙyallin mai. Glory ce ke yi mata wanki da tuwo. Suka binciko lambobin da Japhet ya taɓa kira da su, suka bi su ɗaya bayan ɗaya da wayar Glory. Yawanci a kashe. Ɗaya ya ɗauka ya ce an daɗe da mayar da shi wani wuri. Ɗaya matar mai wayar ce ta ɗauka, ta tsare Glory da tambayar ita wace ce.

Cikin kwanakin nan labari ya zo cewa an kama mutum biyu a wajen Ribah ta hanyar layukan da suka yi wa rajista da sunansu, kuma ɗayan yana cikin waɗanda suka nuna Joel. Glory ta shigo tana guɗa, ta ga fuskar Keziah, sai ta yanke guɗar.

"Yi abinki, 'yata," in ji Keziah. "Abin murna ne. Ni na ce a toshe."

Zanen bai dawo a mako biyu ba. Ta koma wurin Malam Yusha'u, na'ura ta karɓi wasu yatsun ta ƙi wasu, ya ce ta ƙara haƙuri. A zuwa na gaba na'ura ta karɓa duka. Lambar ma ta ɗauki nata lokacin kafin ta fito. Ranar da ta fito, Anselm ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya ɗauke ta a mota zuwa ofishin kamfani, ya tsaya a layi a madadinta. Kafin yamma sandunan suka dawo saman wayar.

Ta ɗaure ta a bakin zane ta ci gaba da jira. Dawa ta nuna, aka yanke. Wayar tana ƙara, ta ɗauka, mai tallan magani ne. Ta ƙara, ta ɗauka, wani ne ya yi kuskuren lamba.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti aka aiko daga bariki. Fasto ne ya shigo gaba, hafsa biyu a bayansa, tun daga yadda fasto ya cire hularsa a ƙofa ta gane. An yi musu kwanton ɓauna a hanya. An riga an binne shi can tare da 'yan'uwansa. Sun ce sun nemi lambar da ya bayar ta magaji, ba ta shiga ba, shi ya sa saƙon ya bi ta hannu da hannu ya daɗe.

Ana cikin zaman makoki wani saurayi ya zo da jakar Japhet a kafaɗa. Ya ce sunansa Lawwali, mutumin Gusau ne, ɗakinsu ɗaya. An ba shi hutu, ya ce sai ya biyo ta Zuru kafin ya wuce gida. Keziah ta sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ita, aka kawo masa ruwa da kunu.

"Ya kira ni?" ta tambaye shi.

Lawwali ya sunkuyar da kai.

"Faɗa min, ɗana. Ba abin da ya rage da zai kashe ni."

"Ya kira, Mama. Da wayata ma ya fi kira. Duk ranar da sabis ya zo shi ne farkon hawa tanki. Har muna tsokanarsa, muna cewa tsohuwa ta yi sabon miji ta canja layi. Da farko yana dariya."

"Daga baya fa?"

"Daga baya muka ji a rediyo an shiga wasu ƙauyuka a ƙasar Zuru. Ya daina cin abinci sosai. Ya yi ta ƙoƙarin tuno lambar wata Glory, ya buga abin da ya tuna, wani Bayarabe ya ɗauka ya zage shi. Ya nemi izinin zuwa gida, aka ce sai an dawo daga fitar nan."

"Ya tafi yana zaton wani abu ya same ni."

Ta matso kusa da shi.

"Bai bar wata magana ba? Abin da yake so ya faɗa min?"

"Wallahi Mama, ban sani ba. Ina jin so yake kawai ki ɗauka."

Keziah ta gyaɗa kai ta daɗe tana gyaɗawa. Glory ta sunkuyo ta raɗa mata cewa Oga Anselm yana waje tun safe, ya kawo buhun shinkafa da lemo, amma ya ƙi shigowa, yana tsaye jikin motarsa cikin rana.

"Ki ce ya shigo. Gidan mutuwa ba a tsayawa a ƙofa."

Ya shigo Comfort tana bayansa. Ya durƙusa nesa da tabarma.

"Mama, da na sa lambata ranar nan..."

"Da na bar gyaɗar nan ta ruɓe," in ji ta. "Zauna, Anselm. A ba shi kujera."

Ya zauna. Matan zumunta suka ɗauki waƙa a hankali daga bayan ɗaki.

Da la'asar Lawwali ya miƙe ya ce zai kama hanya kada motocin Gusau su ƙare. Keziah ta riƙe hannun rigarsa.

"Uwarka tana da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ta san kana tafe?"

"A'a. Wayata ta mutu tun a hanya, cajar kuma na baro ta. In na isa ta gan ni."

"Yaushe rabon da ta ji muryarka?"

Ya fara lissafi da yatsu. Ba ta jira ya gama ba. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wayar ta sa masa a hannu.

"Kira ta."

"Mama, ai gobe war haka ina..."

"Ka san lambar a ka?"

"Na sani."

"To kira ta yanzu, ina kallonka."

Ya danna lambobin, ya kai kunne. Wayar tsohuwa ce mai ƙarar murya, duk wanda ke kan tabarmar yana jin tana shiga. Ta yi ƙara har Lawwali ya fara sauke hannu, sai aka ɗauka. Muryar wata tsohuwa ta fito, a tsorace, tana haki kamar ta taho da gudu daga bayan gida.

"Salamu alaikum? Wa ke magana? Wane ne?"

"Inna, ni ne."

Keziah ta saki rigarsa. Ta jawo jakar Japhet ta ɗora a cinya, ba ta buɗe ba, ta zauna tana sauraron matar nan da ba ta sani ba tana kiran sunan ɗanta tana maimaitawa.